Akwatin da Ban Taɓa Ba

Wata yarinya ta zo daga jami'a, takardu a hammata,
ta same ni gindin mangwaro a Kakuri,
inda bangon masaƙa ya ƙare, ciyawa ta karɓi aiki.
Kubura sunanta. Ta ce bincike suke yi
kan yadda mutum ke cin bashin gobensa.

"Baba Tanimu, dubu goma yau,
ko sha uku bayan wata guda?"
Na ce yau, tun ba ta rufe baki ba.
"To, dubu goma baɗi war haka,
ko sha uku baɗi da wata guda?"
Na ce sha uku mana, wa ke gaggawa?
Ta yi murmushin mai awo
da ya ga tiya ta cika daidai inda ya zata.

Watan ai ɗaya ne, in ji ta.
Na kusa buhun masara ne, na nesa auduga.

Na san auduga, yarinya.
Shekara ashirin da shida ina shaƙar ta.
Ranar albashi mukan fito ƙofa
mu tarar kasuwa ta riga mu:
mai tsire, mai rediyo, mai keken bashi,
kowa ya san sunana.
Tsohon da zan zama bai taɓa zuwa ƙofar nan ba.
Ba shi da murya, ba shi da ƙamshin yaji.
In na tuna shi, sai ya zame mini baƙo a tashar Kawo
wanda wani ne zai biya masa kuɗin mota.
Ga shi ya iso.
Takalmina ne a ƙafarsa, tarina a ƙirjinsa.

Asusu uku na saya.
Na fari suna ya fasa shi, na biyu asibiti.
Na uku babu dalili,
motsinsa kawai nake ji da dare.

Lantana ba ta fi ni haƙuri ba,
ta dai fi ni jin kunyar matan layi.
Uwar adashi na ƙwanƙwasa ƙofa kowace Laraba,
kuma kunyar nan ce kwanon da ke kanmu.

Amma bari in faɗa miki abin dariya.
Wata shekara ƙungiya ta raba takarda
mai ɗan akwati a ƙasa:
wanda ba ya so a riƙa cire masa ajiya, ya sa alama.
Dantala, da ya fi mu lissafi, ya sa tasa nan take,
ya ce kuɗinsa a aljihunsa.
Ni kuwa takardar ta kwana aljihun riga,
aka wanke ta da sabulu.
Shekara sha huɗu ana cira ban sani ba.
Kin ji ƙarar can bayan gida?
Injin niƙa ne.
Kasalata ce ta saya mini, ba hankalina ba.
Dantala yana gadi a Barnawa. Mukan gaisa.

Ta ce wannan ma yana da suna a littafinsu.
Na ce ki riƙe sunan.

"Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba rayuwarka?"
Na ce biyar.
Jikata ta fito da gari a gira tana atishawa,
na ce goge, sa bakwai.

Da za ta tafi na tambaye ta:
ke nawa kike ajiyewa?
Ta gyara gyale, ta dubi titi.
"Wata mai zuwa zan fara, Baba."

Ta bar mini dubu biyu, ladan zama.
Bel ɗin inji ya kusa tsinkewa, na sani,
ba zai kai damina ba.
Na ninke kuɗin gida huɗu, na cusa a hula.
Sai ga mai kifi daga bakin kogi,
tarwaɗa tana motsi a daro,
kuma shi ma ya san sunana.